Yadda Za Ka Dasa Ciyawar Farfajiya Ta Tsallake Bazara

Shekarun baya na sayi wani gwangwanin irin ciyawa da aka shigo da shi daga Turai, hoton jikinsa kore shar kamar an shimfiɗa darduma. Na watsa shi a farfajiyar gidana cikin watan Disamba, ana tsaka da hunturu. Kafin mako guda ya tsiro, kafin wata guda maƙwabta sun fara leƙowa suna sa albarka. Da Maris ya kama sai ciyawar ta fara ja, kafin ƙarshen Afrilu ta bushe ƙayau, alhali safe da yamma ina ba ta ruwa. Wani dattijo mai aikin lambu a unguwarmu ya tsaya ya ƙare wa wurin kallo, ya tsuguna ya ciro wani yaɗo da ya fito don kansa a bakin kwata, ya ce, "Malam, ga ciyawarka nan kana ta tumɓukewa kana zubarwa." Na ce, "Baba, ai wannan kiri-kiri ce." Ya ce, "To, ita ɗin ce."

Gaskiya ya faɗa, kuma binciken masana yana bayansa. Masu nazarin ciyawar fili sun raba ta gida biyu. Akwai ta ƙasashen sanyi, wadda ke jin daɗin girma idan ma'aunin zafi yana tsakanin digiri 15 da 24 na Salsiyos, ita ce na saya. Akwai ta ƙasashen zafi, wadda sai zafi ya kai 27 zuwa 35 take warwarewa. Bambancin yana cikin yadda ganyensu ke haɗa abinci daga hasken rana: ta ƙasashen zafi tana bin tsari irin na masara da dawa da gero, shi ya sa take cin ruwa kaɗan ta jure rana. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda bazara ke haura 40, ta sanyi ba ta da wata makoma ko da tafki aka ba ta.

Kiri-kirin da manomi ke zagi a gona ita ce masana ke kira Cynodon dactylon, Amurkawa su ce mata bamuda, masu sayar da furanni a Najeriya kuma su ce bahama. A garin Tifton na jihar Jojiya a Amurka, wani masani mai suna Glenn Burton ya yi shekaru yana aiki a kanta. Daga tashar bincikensu aka fitar da nau'in Tifgreen a 1956 da Tifway a 1960, waɗanda aka samu daga barbarar kiri-kirin gama-gari da wata 'yar uwarta mai siririn ganye daga Afirka ta Kudu. Har yau ana buga ƙwallo a kan Tifway a filaye masu yawa na ƙasashen zafi. Abu guda da ya kamata mai saye ya sani: waɗannan nau'o'in barbara ba sa yin iri mai tsirowa, dasa yaɗonsu ake yi. Duk wanda ya miƙo maka leda ya ce irin Tifway ne, mayar da kuɗinka aljihu.

Fara da lissafin ruwa

Kafin ka taɓa fartanya, ɗauki biro. Milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce cif. A tsakiyar bazara, kiri-kirin da ake so ta zauna kore za ta sha abin da ya kai milimita 30 zuwa 35 a mako. Idan farfajiyarka mita 10 ce tsawo da faɗi, wato murabba'in mita 100, kana maganar lita 3,000 zuwa 3,500 ke nan duk mako, jarka mai cin lita 25 guda 120 zuwa 140. Cikakken filin ƙwallo mai mita 105 da 68 yana da murabba'in mita 7,140, zai nemi kusan lita 250,000 a mako. Wanda yake sayen ruwa a hannun 'yan garuwa ya san abin da wannan lissafi ke nufi.

Shawarata ita ce ka rage faɗin wurin ya yi daidai da ruwan da kake da shi. Mita 5 da 6 da ke kore duk shekara sun fi rabin kadada na ƙura. Sauran filin ka zuba tsakuwa ko ka dasa itatuwa. Ni a ganina ba daidai ba ne mutum ya riƙa malala ruwan burtsatse kan ciyawa a unguwar da yara ke layi a bakin famfo, amma ruwan wanka da na alwala da ke tafiya kwata a banza ya isa ya riƙe ɗan madaidaicin fili, in dai ba cike yake da bilic da omo ba.

Sai ka dubi rana. Kiri-kiri tana son hasken rana kai tsaye na aƙalla awa 6, in ya kai 8 ya fi. A ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro za ta yi ta miƙewa tana sirancewa har ta ƙare. Inda inuwa ta yi yawa, mai faffaɗan ganyen nan da ake ce wa ciyawar kafet ta fi ta haƙuri, sai dai ita kuma 'yar ƙasar damshi ce, ba ta jure ƙishirwa kamar kiri-kiri.

Ƙasa

Nan ne aka fi yin ganganci. Yawancin sababbin gidaje, abin da ke ƙarƙashin farfajiya ɓaraguzan bulo ne da busasshen siminti da marmara da motocin yashi suka danne ta zama kamar daɓe. Sai a kawo tifa guda ta baƙar ƙasa a lulluɓe, a dasa ciyawa, saiwa ta nutsa yatsa uku ta ci karo da dutse. Sa diga ka fasa wurin zurfin santimita 20 zuwa 25, ka kwashe duk wani ɓaraguzai.

Gwaji biyu za ka iya yi da hannunka. Na farko, haƙa rami mai zurfin santimita 30, ka cika shi da ruwa, ka bari ya tsotse, ka sake cikawa. Idan cikon na biyu ya tafi cikin 'yan awoyi, lafiya lau. Idan gari ya waye da ruwa a ciki, ƙasar tana riƙe ruwa, a watan Agusta saiwa za ta ruɓe. Na biyu, samo kwalba mai faɗin baki, ka zuba ƙasar wurin zuwa kashi ɗaya cikin uku, ka cika da ruwa, ka ɗiga sabulun ruwa, ka girgiza sosai ka ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti guda, lallausar ƙasa ta hau kansa bayan awa biyu, laka kuwa sai ta kwana ɗaya ko biyu. Kaurin kowane layi zai nuna maka abin da ƙasarka ta ƙunsa. Jigawa mai yawan yashi ba ta riƙe ruwa da taki, amma ba ta dannewa, shi ya sa manyan filayen wasa na duniya da gangan ake gina su a kan yashi. Laka tana riƙe komai, amma ƙafar yara ta mako biyu ta isa ta mayar da ita tubali.

Mai babban fili, kamar makaranta ko ƙungiyar ƙwallo, ya kai samfurin ƙasa sashen nazarin ƙasa na jami'ar da ke kusa a auna masa tsaminta. Tsakanin 6 da 7 ake so a ma'aunin tsami da ake kira pH.

Maganin jigawa da laka duk ɗaya ne: ruɓaɓɓen takin gargajiya. Baza shi kaurin santimita 2, wato kimanin baro 30 a murabba'in mita 100, ka cakuɗa shi da santimita 15 na saman ƙasa. Na ce ruɓaɓɓe, wanda ya yi baƙi ya daina wari. Ɗanyen kashin shanu yana zuwa da 'ya'yan ciyayin da saniyar ta ci, yana kuma gayyato gara. Daga nan ka baje da manjagara, ka ba wurin ɗan gangare na santimita ɗaya a kowace mita, ya fuskanci inda ruwa ke fita, ba jikin gini ba.

Yanzu ka yi haƙurin mako uku. Ba wa ƙasar ruwa kamar ka yi shuka. Tuji da harkiya da guɗe-guɗe da ƙarangiya duk za su ɗago kai, ka bi su da fartanya sama-sama, kada ka juya ƙasa ka tono sababbin 'ya'ya. Sake ba da ruwa, sake sharewa. Wannan jinkirin zai rage maka cira ta wata uku. Aya-aya ce kaɗai ba ta jin wannan dabara, don 'ya'yanta a ƙarƙashin ƙasa suke. Ita sai an tona an tsince, duk wadda ta sake fitowa a cire ta tun tana ƙarama kafin ta ajiye sababbi.

Dashe

Lokacinsa farkon damina, idan ruwa ya zauna, ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli a yawancin ƙasar Hausa. Mai wadataccen ruwa zai iya yi tun Afrilu, zafi ba ya damun kiri-kiri. Abin da ba a yi shi ne dasawa a hunturu, lokacin da sanyin dare ke sa ta lafa, ta yi wata biyu ba ta motsa ba, ciyayi su cinye wurin.

Hanya mafi sauƙi ita ce dasa yaɗo. Samo shi daga wurin masu furanni, ko daga wani fili da ka ga ciyawarsa ta yi maka, ka duba da kyau kada a haɗo maka da aya-aya. Ka ajiye shi a inuwa cikin jiƙaƙƙen buhu, ka dasa a ranar ko washegari. Yayyanka shi tsawon ɗan yatsa zuwa taƙi guda, kowane yanki ya kasance da gaɓa uku ko huɗu, don daga gaɓar saiwa ke fita. Ja layuka tazarar santimita 15 zuwa 20, zurfin santimita 3 zuwa 5, ka kwantar da yaɗon ka rufe, ka bar kashi ɗaya cikin uku a waje yana ganin rana. Bi da ƙafa ka tattake. Wannan tattakewar ba wasa ba ce: yaɗon da bai manne da ƙasa ba, iskar rana ɗaya ta isa ta busar da shi.

Idan iri ka samu na kiri-kirin gama-gari, giram 5 zuwa 10 ya isa murabba'in mita ɗaya. Ƙanana ne ƙwarai, sai ka gauraya da busasshen yashi, ka raba biyu, ka watsa rabi kana tafiya gabas da yamma, rabi kana tafiya kudu da arewa. Ja manjagara a hankali, kada ya nutse fiye da rabin santimita. Zai tsiro cikin mako ɗaya zuwa biyu. Matsalarsa ruwan sama mai ƙarfi na iya kwashe shi ya tara a lungu, tururuwa ma suna jida.

Kwana goma zuwa sha huɗu na farko ne kaɗai lokacin da yayyafi kaɗan-kaɗan yake da amfani. Duk ranar da ba a yi ruwan sama ba, jiƙa saman ƙasa sau biyu ko uku. Da ka ja yaɗo ka ji ya riƙe, fara rage yawan zuwa kana ƙara yawan ruwan. Cikin mako 6 zuwa 10 wuri zai rufe. A hana yara da awaki shiga kafin nan, in dai za su hanu.

Ban-ruwa bayan ta kama

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne tsayawa da mesa kowace yamma ana fesawa minti biyar. Ruwan ba ya wuce santimita biyu, saiwa ta taru a sama inda danshi yake, ranar da injin burtsatse ya lalace ciyawa ta ƙone cikin kwana uku. Abin da gwaje-gwaje suka nuna shi ne a ba da ruwa mai yawa a tsallake kwanaki, saiwa ta bi danshi ƙasa. A jigawa, raba ruwan mako gida uku. A ƙasa mai laka, gida biyu ya isa.

Ta yaya za ka san ka ba da milimita 10 ko 15? Jera gwangwanayen madara guda shida da aka yanke wa baki a wurare daban-daban na filin, ka kunna abin fesa ruwa na minti 20, ka auna zurfin ruwan kowane gwangwani da rula. Idan matsakaicin ya ba ka milimita 5, ka san awa guda tana ba da 15. Za ka kuma ga abin mamaki: wani gwangwanin ya kusa ninka wani. Sau da yawa busasshen tabon da ake ɗora wa cuta, ruwa ne kawai ba ya kai masa.

Da asuba ake ba da ruwa, kafin iska da rana su tashi. Ciyawa kuma tana faɗin ƙishirwarta: launinta zai koma toka-toka, ganye ya naɗe, in ka taka sawunka ya zauna bai tashi ba. In ruwa ya yanke maka gaba ɗaya, kada ka tumɓuke ta don ta yi fari. Kiri-kiri tana da jijiyoyi a ƙarƙashin ƙasa da ke kwanciya su jira, ruwan farko na damina zai tashe su.

Yanka

A 1955 wani masanin ma'aikatar gona ta Amurka, Franklin Crider, ya fitar da sakamakon gwajin da ya yi, inda ya riƙa yanke ganyen ciyawa a matakai daban-daban yana kallon abin da ke faruwa da saiwa. Da ya cire kashi 40 cikin 100 ko ƙasa da haka, saiwa ta ci gaba da girma. Daga rabi zuwa sama sai ta fara tsayawa, da ya cire kashi 90 kuwa ta tsaya cak fiye da mako biyu. Shi dai a kan ciyawar kiwo ya yi aikinsa, amma masu kula da filaye sun ɗauki darasin suka kafa ƙa'idar da ake bi har yau: kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayin ganye a yanka guda.

Mu kuwa al'adarmu a bar ciyawa ta kai ƙwauri, ranar da za a yi baƙi a kira yaro da adda ya aske ta har ƙasa. Washegari wuri ya yi fari fat, a ce rana ce. Kiri-kirin gama-gari tana son zama a santimita 3 zuwa 5. Idan 4 kake so, yanke ta da zarar ta kai 6. A damina wannan na nufin duk kwana biyar zuwa bakwai, a hunturu kuwa sai ka yi mako uku ba ka taɓa ta ba. In ta riga ta yi tsawo, sauko da ita a hankali, yanka uku cikin kwana goma.

A wasa wuƙar injin. Dakusasshiyar wuƙa yaga ganye take yi, bakin ya yi zare-zare ya bushe. Ɗan abin da aka yanke kuma, idan gajere ne, a bar shi a wurin ya ruɓe, yana mayar wa ƙasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na takin da take buƙata. Sai in ya taru dami-dami ne ake kwashewa.

Taki da sauran hidima

Ma'aunin da masana suka fi amfani da shi shi ne giram 5 na sinadarin naitirojin a kan murabba'in mita ɗaya a zubi guda. Yuriya tana da kashi 46 cikin 100, don haka giram 11 ne, wato kilo ɗaya da ɗan ɗoriya a murabba'in mita 100. Kamfa mai lamba 15-15-15 kuwa giram 33 ne, kilo uku da 'yan kai a wannan faɗin. Sa kamfa a farkon damina, ka bi da yuriya sau biyu ko uku tazarar mako biyar ko shida. Ka watsa lokacin da ganye yake bushe, ka bi da ruwa nan take, in ba haka ba yuriya za ta ƙona ganyen, wani kason kuma ya bi iska. Kada ka sa taki a hunturu ko lokacin da ba ka da ruwa. Wanda ya ninka awon don ya ga kore da wuri, yanka ya ƙara wa kansa, ga ganye mai laushi da tsutsa ke so.

Tsutsar nan mai cin masara da aka fara gani a Afirka ta Yamma a 2016 tana cin kiri-kiri ma, kuma cikin kwana biyu za ta iya mayar da fili kamar an babbaka. Idan ka ga tabo yana faɗaɗa ko tsuntsaye sun taru suna tsattsaga, kaɗa cokali biyu na sabulun wanke-wanke a lita huɗu na ruwa ka zuba a murabba'in mita ɗaya a gefen tabon. In tana nan za ta fito sama cikin minti biyar zuwa goma. Sai ka tabbatar kafin ka sayi magani, ka yi feshi da yamma, ka bi abin da aka rubuta a jikin kwalbar. Game da maganin ciyawa, mai kashe komai ɗin nan da ake fesawa kafin shuka ba ya bambance kiri-kiri da tuji. Na ga wanda ya fesa shi don ya kashe 'yan ciyayi goma, ya wayi gari ba shi da fili.

Sau ɗaya a shekara, a farkon damina, ɗauki cokalin haƙa mai yatsu ka bi filin kana sokawa zurfin santimita 10, tazarar taƙi guda, kana ɗan girgizawa. Sai ka baza yashi mai tsabta da ɗan taki kaurin rabin santimita ka share shi cikin ramukan. Inda ake buga ƙwallo, bakin raga da tsakiyar fili ne ke fara mutuwa. A riƙa matsar da ragar atisaye, a kuma ware wani lungu a gefe ana renon yaɗo don yin faci.

Yi naka gwajin

Yawancin alƙaluman da ke sama daga gwaje-gwajen wasu ƙasashe suka fito, ƙasarka da ruwanka kuwa naka ne. Masu binciken ciyawa a Amurka suna yanka fili ƙanana-ƙanana, su maimaita kowane gwaji a wuri uku, su riƙa ba kowane yanki maki daga 1 zuwa 9, inda 6 ke nufin abin karɓa. Ba abin da zai hana ka yin haka da igiya da turaku. Ware yanki shida masu mita ɗaya-ɗaya a warwatse, uku ka ba su ruwa sau uku a mako, uku sau biyu, komai nasu ya zama ɗaya ban da wannan. Duk ranar Asabar ka ba su maki a littafi, ka ɗauki hoto da waya daga wuri guda a lokaci guda. Abu ɗaya ake canzawa a gwaji, in ka canza ruwa da taki tare ba za ka san wanda ya yi aikin ba.

Da na yi nawa daga Maris zuwa Mayu, na tarar yankunan da ke shan ruwa sau biyu ba su gaza na sau uku da komai ba, sai guda ɗaya da ke jikin katangar yamma, inda bulo ke mayar da zafin la'asar. Shi kaɗai nake ƙara wa bokiti biyu ranar Laraba.